ƘAUNA TA FI TSORO ƘARFI: DARASI DAGA ƘASAR KENDE DA BAKIN IYAKAR BENIN

GABATARWA

A duk lokacin da al'amuran siyasa suka dagule, akan sami ra'ayoyi biyu game da yadda jama'a za su tsira. Wasu sukan ce a rufe ƙofa, a kori baƙo, a zargi maƙwabci. Wasu kuwa sukan ce a ƙara riƙe zumunci, domin shi ne garkuwa. Sau da yawa akan ɗauki masu ra'ayi na biyu a matsayin mutane masu taushin zuciya, waɗanda ba su san halin duniya ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ƙauna, a yadda Bahaushe da maƙwabtansa suka fahimce ta, tsari ne na rayuwa mai dokoki da al'adu, kuma ta sha daɗewa fiye da matakan da tsoro ya haifa. Za a kafa hujja da tarihin ƙasar Kende da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, watau yankin da Nijeriya ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, kuma take dab da Jamhuriyar Nijar.

MA'ANAR ƘAUNA DA TSORO A WAJEN BAHAUSHE

Kafin a shiga cikin tarihi, ya kamata a daidaita ma'anar kalmomin. Bahaushe yana da "so" yana kuma da "ƙauna". So yana da faɗi ƙwarai, domin ana son abinci, ana son kuɗi, ana son budurwa, kuma yakan zo ya tafi. Har ma akan ce so hana ganin laifi, watau yana iya rufe idon mai shi. Ƙauna kuwa ta fi nauyi da natsuwa, kuma ba a tabbatar da ita sai da aiki. A zaman jama'a tana bayyana ta fuskar zumunci, da amana, da karamci, da kara. Shi ya sa ake cewa zumunta a ƙafa take, watau wanda bai taka ya je gaisuwar mutuwa ko barkar haihuwa ba, ba a karɓar da'awarsa ta ƙauna.

Masanin nan A.H.M. Kirk-Greene, a cikin nazarinsa mai suna Mutumin Kirkii wanda aka buga a 1974, ya lissafa halaye goma da Hausawa suke auna mutumin kirki da su, cikinsu har da gaskiya, da amana, da karamci, da haƙuri, da kunya, da mutunci. In mai karatu ya duba da kyau zai ga yawancinsu ba sa tabbata sai tsakanin mutum da wani mutum. Ke nan ƙaunar da ake nufi a nan ita ce jimillar waɗannan haƙƙoƙi da suke ɗaure mutane da juna.

Shi ma tsoro hawa-hawa ne. Akwai razana da firgita, waɗanda suke zuwa farat ɗaya su wuce. Akwai fargaba, wadda take zama cikin zuciya tana cin mai ita. Bahaushe bai ce tsoro duk aibu ne ba, domin ya yarda rigakafi ya fi magani. Amma ya ware masa muhalli da ya ce tsoro na daji, kunya na gida. Ma'ana, namun daji da 'yan fashi ake tsoro, mutanen gari kuwa kunyarsu ake ji. Ɓarna tana farawa ne ranar da aka ɗauko tsoron daji aka shigo da shi gida, har mutum ya fara kallon maƙwabcinsa kamar kura. Siyasar rikici kuwa babu abin da ta fi ƙwarewa a kai kamar wannan.

ƘASAR DA MUTANENTA

Kende tana cikin mazaɓar Kende da Kurgu, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Bagudo, a Masarautar Gwandu. Sauran manyan garuruwan yankin sun haɗa da Bagudo, da Ka'oje, da Illo, da Lolo, da Zagga, da Bani, da Tsamiya. Ƙasa ce ta ruwa da fadama, inda Gulbin Kabi yake gangarowa ya sadu da kogin Kwara, saboda haka noman shinkafa da su da kiwo su ne ginshiƙan rayuwa. Mazaunanta kuwa gauraye suke: akwai Hausawa, da Fulani, da Dandawa, da Zabarmawa, da Kyangawa, da Busawa. Yawancin waɗannan al'ummu suna da dangi a ƙetaren iyaka, a Segbana da Kandi da Malanbil ta Benin, ko a Gaya ta Nijar.

Wannan cuɗanya ta girmi ƙasashen uku nesa ba kusa ba. Tun kafin zuwan Turawa, fataken goro da suke zuwa Gwanja daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan ƙetare Kwara ta wajen Illo ko Gaya, su ratsa ƙasar Borgu. A kan wannan hanya aka kafa zangon fatake, aka yi auratayya, aka koyi harsunan juna. Sai a ranar 14 ga Yuni, 1898, Ingila da Faransa suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Faris, wadda ta tsaga Borgu gida biyu. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Ba a shawarci ko mutum ɗaya daga cikin masu ƙasar ba. Abin lura shi ne, ita kanta wannan iyaka 'yar tsoro ce, domin an shata ta ne don kada sojojin ƙasashen Turai biyu su gwabza da juna a kan Borgu.

AYYUKAN TSORO

Bayan samun 'yancin kai a 1960, an sha ganin hukumomi suna komawa ga rufe iyaka da korar baƙi duk lokacin da suka tsorata. A ƙarshen 1963 jayayya ta tashi tsakanin Nijar da Dahomi, watau Benin ta yanzu, a kan tsibirin Lete da ke cikin Kwara, har Nijar ta kori ma'aikata 'yan Dahomi daga ƙasarta. Ba a raba wannan gardama ba sai a 2005, lokacin da Kotun Duniya ta ba Nijar tsibirin. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta kori baƙi, cikinsu har da Hausawan da aka haifa a zangunan Kumasi da Ankara.

A watan Janairu na 1983 kuma sai reshe ya juye da mujiya. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin mako biyu su bar Nijeriya. Kuɗin man fetur ya ragu, zaɓe ya gabato, ga kuma tabon rikicin Maitatsine na Kano na 1980, wanda ya sa ake kallon baƙi da zargi. An ƙiyasta cewa mutanen da suka fita sun kai miliyan biyu. Wannan kuwa ya faru ne shekara huɗu kacal bayan ƙasashen ƙungiyar ECOWAS sun amince, a 1979, cewa ɗan kowace ƙasa yana iya shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba.

A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa baki ɗaya lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 1986. Rufewar ta zo daidai da fari mai tsanani, kuma da yake mutanen Nijar sun saba samun hatsi daga kasuwannin Nijeriya, sai suka laƙaba wa yunwar wannan shekara suna "El-Buhari", watau 'yar Buhari a karin harshensu. An sake rufe iyakoki daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 don hana shigo da shinkafa da makamai. Sa'an nan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, wanda ya kawar da Shugaba Muhammad Bazum na Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya da Benin suka rufe iyakokinsu da Nijar, aka yanke wutar lantarki, aka kuma yi barazanar yaƙi.

Ba za a ce duk waɗannan matakai ba su da dalili ba. Fasa-ƙwauri gaskiya ne, kuma yana kashe kasuwar manomin shinkafa na Kebbi. Amma abu biyu sun bayyana a kowane karo. Na farko, talakan bakin iyaka ne ya fi ɗanɗana kuɗa, shi da gonarsa ko kasuwarsa ko surukansa suke ƙetare. Na biyu, babu matakin da ya dawwama: kowane rufi an buɗe shi, da yawa daga waɗanda aka kora kuma sun komo.

IGIYOYIN ƘAUNA

Me ya riƙe jama'a a tsakanin waɗannan rufe-rufe? Ana iya kawo igiyoyi huɗu.

Ta farko ita ce auratayya da zumunci. Matar da aka auro daga Segbana zuwa Tsamiya ko Ka'oje, 'ya'yanta suna da kawunnai a wata ƙasa. Ranar suna, ko biki, ko rasuwa, wajibi ne a je, kuma wanda ya ƙi zuwa yana da abin kunyar da zai daɗe yana binsa. Doka tana iya rufe hanyar mota, amma ba ta iya soke dangantakar ɗa da kawunsa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ta biyu ita ce al'adar mai masauki, wanda fatake suke kira fatoma. Shi ne yake saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa in an ba da bashi. Abner Cohen ya yi bayanin wannan tsari a nazarin da ya yi kan Hausawan Sabo ta Ibadan, wanda aka buga a 1969, inda ya nuna yadda cinikin shanu da goro na dubban fam yake gudana bisa amana, ba tare da takarda ko kotu ba. Irin wannan tsari ne yake tafiyar da kasuwannin bakin iyaka. Kuɗin ƙasashen ya bambanta, wannan Naira wancan Sefa, harshen hukuma ya bambanta, wannan Ingilishi wancan Faransanci, amma amanar da ke tsakanin baƙo da mai masaukinsa iri ɗaya ce.

Ta uku ita ce wasan barkwanci tsakanin al'ummu, kamar na Kabawa da Katsinawa, ko Fulani da Barebari, ko Fulani da Arawa. Abokin wasa yana da damar ya yi maka ba'a a bainar jama'a, kai kuma ba ka da damar yin fushi, balle ka zubar da jininsa. Hikimar da ke ciki ita ce, maganar da za ta iya tayar da faɗa an mayar da ita abin dariya tun kafin ta yi tsami. Hukumar UNESCO ta shigar da wannan al'ada, kamar yadda ake yin ta a Nijar, cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam a 2014.

Ta huɗu ita ce zumuncin ilimi da addini. Almajirai suna ƙetare iyaka neman karatu, malamai suna da ɗalibai a ƙasashe uku, masu wa'azi kuma ba sa gajiya da tunatar da jama'a haƙƙin maƙwabci da na baƙo, da kuma 'yan'uwantakar da aka ƙulla tsakanin Muhajirai da Ansaru a Madina bayan hijira. Daga nan ne Bahaushe ya samo maganarsa ta baƙonka annabinka.

MISALAI BIYU

Misali na farko daga tarihin Kabi yake. Mayaƙan jihadi sun ci Birnin Kabi a 1805 ƙarƙashin jagorancin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, amma Kabawa ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. A 1849 Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabi daga Argungu, da taimakon Arawa da Zabarmawa da Dandawa, aka shiga yaƙe-yaƙe na shekaru masu yawa da Gwandu da Sakkwato. A 1867 aka ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wanda ya ɗauki kimanin shekara takwas kafin a koma fagen daga. Zuwan Turawa ya tsayar da yaƙi, amma bai cire gaba daga zukata ba. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka da ƙafarsa ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya karɓe shi, aka shirya masa gagarumin su don girmamawa. Daga wannan ziyara bikin kamun kifi na Argungu ya samo asalinsa na zamani, wanda UNESCO ta amince da shi a 2016. Abin da takobi ya kasa gamawa cikin shekara kusan ɗari, ziyara da karamci suka rufe shi.

Misali na biyu shi ne na 2023. Da ECOWAS ta ba sojojin Nijar wa'adin kwana bakwai, mutane da yawa sun ɗauka yaƙi ya zo. Amma sanatocin Arewa suka fito suka ƙi amincewa, suna tunatar da cewa jihohi bakwai ne suke iyaka da Nijar, watau Kebbi, da Sakkwato, da Zamfara, da Katsina, da Jigawa, da Yobe, da Borno, kuma jama'ar ɓangarorin biyu dangin juna ne. Majalisar Dattawa ta nemi a bi hanyar sulhu. Janar Abdussalami Abubakar da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar sun je Yamai da saƙon ECOWAS. Malam Muhammadu Sanusi na II ya gana da Janar Abdurrahman Tchiani, haka kuma tawagar malamai ƙarƙashin Shaikh Abdullahi Bala Lau ta gana da shi a cikin watan Agusta, a lokacin da ƙofa take rufe ga jakadu da dama. A can ƙasa kuwa, da aka toshe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, jama'a suka koma ƙetare Kwara da kwalekwale kamar yadda kakanninsu suka yi. A ranar 24 ga Fabrairu, 2024, ECOWAS ta ɗage takunkumin bisa dalilan jinƙai, kwanaki kaɗan bayan Janar Yakubu Gowon ya yi kira da a yi haka, Nijeriya kuma ta buɗe iyakarta a watan Maris.

Gaskiya ne akwai wasu dalilan da suka hana yaƙin, kamar tsadarsa da gargaɗin Mali da Burkina Faso. Gaskiya ne kuma sulhun bai hana Nijar ficewa daga ECOWAS a watan Janairu na 2025 ba. Duk da haka, hujjar da ta fi ratsa zukatan jama'a, har ta ɗaure hannun masu mulki, ita ce hujjar zumunci.

DALILIN RINJAYEN ƘAUNA

Ana iya taƙaita dalilan cikin uku. Na ɗaya, tsoro yana da tsada. Rufe iyaka yana bukatar soja, da kwastan, da mota, da albashi, kuma ranar da kuɗi ko haƙurin hukuma ya ƙare, ranar yake sassautawa. Zumunci kuwa jama'a ne suke ɗaukar nauyinsa da kansu, suna sabunta shi a kowane suna da kowace ranar kasuwa. Na biyu, tsoro yana haifar da ramuwa, kamar yadda mutane da yawa suka ɗauki korar 1983 a matsayin amsar ta 1969, alhali alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na uku, tsoro yana toshe hanyar labari. Inda mutane suke zargin juna babu mai gaya wa wani abin da ya gani, inda kuwa aka amince da juna, baƙuwar fuska ba ta kwana a gari ba a san mai masaukinta ba.

SABON GWAJI

Wannan batu na uku shi ne ya kawo mu ga gwajin da yankin ya shiga a 'yan shekarun nan. A watan Nuwamba na 2024 Hedikwatar Tsaro ta Nijeriya ta ba da sanarwar ɓullar 'yan bindigar da ake kira Lakurawa a jihohin Sakkwato da Kebbi, kuma a cikin watan ne suka kashe mutane a garin Mera na Ƙaramar Hukumar Augie. A watan Janairu na 2025 Babbar Kotun Tarayya ta haramta ƙungiyar. A can Benin ma, gwamnati ta tabbatar da kashe sojojinta 54 a arewacin ƙasar a watan Afrilu na 2025. Ke nan wannan karon tsoron yana da tushe, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Wani zai ce, ai karɓar baƙo ne ya jawo wannan. Amma rahotanni sun nuna cewa tun farko wasu al'ummu na Tangaza da Gudu ne suka nemi taimakon waɗannan mutane don su kare su daga ɓarayin shanu. Watau fargaba da rashin mai tsaya musu ne suka buɗe ƙofar. Daɗin daɗawa, karamcin gargajiya yana da sharaɗi. Baƙo yakan sauka a hannun wani sananne, mai unguwa ya sani, hakimi ya sani, mai masauki kuma shi ne zai amsa in baƙonsa ya yi ɓarna. Wanda ya shigo da bindiga yana karɓar dabbobin mutane da sunan zakka ya fita daga wannan tsari tun daga tushe.

Haɗarin da ya fi girma shi ne a ɗauki laifin 'yan bindiga a shafa wa ƙabila guda, ko a ce duk wanda ya fito daga ƙetare abin zargi ne. In aka yi haka, makiyayin da ya fi kowa sanin daji zai kame bakinsa, mai kwalekwalen da ya ga wucewar baƙi zai kau da kai, kuma wanda aka ware shi ne wanda 'yan bindiga suka fi sauƙin ja. Tsaro aikin hukuma ne, kuma wajibi ne ta yi shi, amma soja ba ya gani sai da idon mutanen gari.

KAMMALAWA

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa ƙauna a wajen mutanen Kende da maƙwabtansu haƙƙoƙi ne da ake saukewa ta hanyar zumunci, da masauki, da barkwanci, da ilimi. An ga yadda iyakar 1898, da korar 1983, da rufe-rufen 1984 da 2019 da 2023 suka wahalar da jama'a, amma ba su tsinka waɗannan igiyoyi ba. Saboda haka wanda ya gaskata cewa ƙauna ta fi tsoro ƙarfi yana da tarihi a bayansa. Sai dai igiyar da ba a kula da ita takan ruɓe. Ya rage ga sarakuna da malamai da shugabannin kasuwa na ɓangarorin iyakar su ci gaba da ziyartar juna, ga hukuma ta riƙa shawartarsu kafin ta rufe hanya, ga ɗaliban Hausa kuma su shiga garuruwan nan su tattara karin magana da labaran barkwanci da tarihin zangunan fatake daga bakin dattawa tun suna raye. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.